Ɓurɓushi a Jinin Lisiate

SHAFI NA 23

Masu yi mini tsiya wai na bar Kalolaine da waya a kunne na yi tafiyata, to ga ci gaban nan, sai ku sarara mini in sha ruwa. Amma in gaya muku tun yanzu, wanda ya zo neman dariya ya koma, yau babu ita a shafin nan.

*

Tun jiya da yamma da nas ɗin sashen masu ciwon daji ta kira ta, Kalolaine ba ta sake jin ɗanɗanon komai a bakinta ba. Matar ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce sun yi ta kiran mijinta Lisiate ba ya ɗauka, ana ta ajiye masa kujera ba ya zuwa, likita ta ce don Allah ya zo ran Litinin, lokaci na ƙurewa.

"Kujerar me?"

"Ki yi haƙuri, wannan shi zai gaya miki da bakinsa."

Kujerar me kuma? Mutumin da aka yanke wa hanji aka ce an kwashe ciwon tas? Mutumin da yau ɗin nan ake yi wa walimar godiya?

Ta so ta keɓe da shi jiyan, ina! Gida ya cika da dangi, maza suka kwashe shi sai zauren coci wajen shan kava, abin shan gargajiyarsu. Yau kuwa tun da gari ya waye hayaƙi ya turnuƙe bayan gidan, samari na juya aladu a kan garwashi, mata na naɗe naman rago a ganyen gwaza. Duk ɗan ƙasarsu Tonga da ke zaman ƙetare a nan garin Logan yana hanya.

A gareji ta ritsa shi. Yana tsaye yana fama da tabarmar ado ta gargajiya da zai ɗaura a ƙugu. Da can da ƙyar take zagaye shi, yau har ta yi saura.

Ta ja ƙofa ta rufe.

"Ah, uwargida, da rana tsaka?" Ya yi mata murmushin nan nasa. "Ki ji tsoron Allah, Fasto yana waje."

"Siate, kujerar me ake ajiye maka a asibiti?"

Hannunsa ya tsaya a kan igiya.

"Wa ya gaya miki?"

"Ni na fara tambaya."

"Mutanen nan ba su da sirri wallahi. Sai da na ce..."

"Sai da ka ce kar a gaya mini? Ni? Ni da na kwana a kujerar roba ina riƙe maka kwanon amai?"

Ya nemi wuri a kan wani bokiti da aka kife, ya zauna a hankali yana dafe wajen ɗinkin. Ƙaton mutumin da abokan ƙwallonsa suke kira Firiji, yau bokitin fenti ya ɗauke shi ko motsi bai yi ba. Ganin haka kawai sai da zuciyarta ta karye, amma ta daure.

"Kin tuna jinin da suka ɗiba bayan aiki?"

"Wanne a ciki? Kullum ɗiba suke."

"Wanda aka ce sai an kai wani gari, zai daɗe bai fito ba."

"Na tuna."

"Ya fito. Ranar kina wajen aiki, na je ni kaɗai."

"Sai aka yi yaya?"

Ya kalli yatsun ƙafarsa.

"Siate, kar ka kashe ni da raina. Sai aka yi yaya?"

"Likita ta ce hoton da suka ɗauka bai yi ƙarya ba, babu abin da ido zai gani. Amma akwai ɓurɓushin ciwon yana yawo a jinina. Ta ce kamar ki wanke tukunya fes ne, ki zuba ruwa, ki ga maiƙo ya taso sama. Yana nan a wani lungu, bai dai yi girma ba."

Ta jingina da injin wanki.

"Ma'ana?"

"Ma'ana mafi yawan waɗanda aka ga abin nan a jininsu, yana dawo musu. Ko hanta, ko huhu."

"Kujerar fa?"

"Ta kemo ce. Maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Wata shida."

"Yana wanke shi?"

"Wasu yana wanke musu. Wasu ba ya wankewa."

"Su wa suka fi yawa?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ka tambaya ba! Mota za ka saya sai ka leƙa ƙarƙashinta, amma ranka ba ka tambaya ba?"

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Ta ce lokaci na ƙurewa, lokacin me?"

"Idan aka yi nisa da ranar aikin, amfaninsa raguwa yake. Mun kusa wucewa."

Daga waje aka kwashe da dariya, wani ya saki waƙar coci, sauran suka amsa. Kalo ta ji waƙar tana hawa mata kai.

"Ka san da wannan ka bari aka yanka aladu? Ka bari mutane suka hawo jirgi tun daga gida, tsibiran Ha'apai?"

"Wa ya kira Yaya Latai?" ya tambaye ta.

Ta ɗago da sauri.

"Ranar da hoto ya fito, tun ba mu fita daga harabar asibiti ba, wa ya ɗauki waya yana kuka yana cewa Siate ya warke? Ni ne?"

Ita ce. Wayyo, ita ce. Murna ce ta kwashe ta ranar, ko jiran sauran sakamakon ba ta yi ba.

"Kafin jinin ya fito," ya ci gaba a hankali, "Yaya ta riga ta miƙe a coci ta ba da shaida. Ta sa rana. Ta sa matan dangi saƙar tabarmi. Sai in kira ta in ce me? In ce ta yi wa Allah godiyar da ba ta yi ba tukuna?"

"Ka gaya mata gaskiya mana!"

"Da wane baki? Haba Kalo, kamar ba 'yar gida ba. Tun da na yi wayo ban taɓa zama ɗaki ɗaya da ita mu biyu ba. Ko riga ban taɓa cirewa a gabanta ba. Har yau ciwon ciki aka ce mata. Sai in tsaya a gaban 'yar'uwata ina zancen hanji da abin da ke fita daga hanji?"

"To mutuwa ta fi sauƙi ke nan?"

Ya koma yana murza igiyar tabarmar.

"Tafiyar da za ku yi gida da Yaya ran Laraba," ta ce, "wai za ka je gaida kabarin su Mama. Yaushe za ka dawo?"

Ya kau da kai.

"Yaushe za ka dawo, Siate?"

"Tikitin zuwa kawai aka yanka."

"Can ɗin wa zai yi maka kemo? Kifi?"

"Kalo..."

"Sela fa? 'Yarka bana za ta gama makaranta, wa zai tsaya mata? Ni fa? Ni ba mutum ba ce?"

Ta zube a gabansa ta kama gwiwoyinsa. Hawaye ya wanke mata hodar da ta shafa don baƙi.

"Ka je ran Litinin. Ko sau ɗaya ka gwada. Na roƙe ka."

Ya ɗora tafinsa a kanta. Hannun ya yi sanyi, ya yi sauƙi, ba irin nasa na da ba.

"Yaya ta ce in taho gida. Kin san ba a ce mata a'a. Idan ta ce zauna, zan zauna."

Aka buga ƙofa. "Firiji! Ka fito a ga jikinka, ko amarci kuke sabuntawa?"

Ya gyara murya ya amsa da dariya, kai ka ce babu abin da ya faru. Ita kuwa ta share fuska da gefen zane ta fice ta ƙofar baya. Ta san inda za ta.

*

Yaya Latai tana falo a kan kujerar da aka lulluɓe da tabarmi masu laushi. A dangin miji babu wanda ya kai babbar 'yar'uwa, ita ake fara zuba wa abinci, ita ake bai wa kyauta mafi kyau, maganarta kuma ba ta faɗuwa ƙasa. Tsofaffin mata sun kewaye ta ana ta hira.

Kalo ta shigo a sunkuye, ta zauna a ƙasa ta naɗe ƙafa.

"Yaya, ina neman alfarmar magana."

Latai ta dube ta sama da ƙasa. Ta ɗaga hannu kawai, matan suka tattara suka fita.

"Idonki ya yi ja. Hayaƙi ne?"

"Ba hayaƙi ba ne, Yaya. Siate bai warke ba. An gwada jininsa an ga..."

"Na sani."

Kalo ta zaci kunnenta ne.

"Na ce na sani. Ya gaya wa Fasto, Fasto ya gaya wa matarsa, matarsa ta same ni. Haka ake yi, magana ta bi hanyarta ta iso ba tare da an kunyata kowa ba."

Tabɗi! Fasto ya sani, matar Fasto ta sani, wadda ke can tsakiyar teku ta sani. Ita da take juya shi a gado tana goge masa jiki, ita ce ta ƙarshe.

"Kin sani, Yaya, kika bari ake wannan biki?"

"Ke a ganinki bikin me ake yi?"

Kalo ta sunkuyar da kai.

"Ina so ya ci abinci da mutanensa yana tsaye da ƙafafunsa. Su rungume shi yana jin su. Su yabe shi yana ji da kunnensa. Ko kin fi so sai yana kwance sun zo da baƙaƙen kaya?"

"Amma akwai magani! Likita ta ce wasu yana wanke musu."

"Wasu."

"Ko mutum ɗaya ne, me zai hana ya zama shi?"

Latai ta jingina da kujera.

"Haka aka ce mana a kan Mama. Wasu. Muka haye teku muka kai ta asibiti a birnin Auckland. Aka yi ta ɗura mata ruwan nan har gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, ko ruwan kwakwa ba ya wucewa. Kullum sai ta ce a mai da ita gida ta ji ƙarar teku. Muka ce ta bari a gama. Kin san a ina na karɓe ta?"

"Yaya..."

"A ɗakin kaya na filin jirgi. A akwati, tsakanin kwalayen kaji. Wani yaro ya miƙo mini biro in sa hannu, yana tauna cingam."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Ni na goya Siate. Ba zan karɓe shi a ɗakin kaya ba. Da ƙafarsa zai sauka daga jirgi."

"Zamani ya canja, Yaya. Mama an gano nata a makare. Shi tun bai fito ba jini ya nuna, wannan dama ce."

"Jinin ya ce zai warke?"

"A'a, amma..."

"Cewa ya yi zai dawo. Sun leƙa sun gano mana ranar kuka tun ba ta zo ba, sun hana yaro barci. Wannan ce damar?"

Kalo ta matsa ta kama ƙafarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kalma ɗaya, Yaya. Ki ce masa ya zauna. Da bakinsa ya ce in kin ce zai zauna. Ki ba ni wata shida, in bai yi ba ni da kaina zan kawo miki shi."

"Mama ma wata shida aka ce."

"Mijina ne!"

"Ƙanena ne tun ba a san za a haife ki ba." Ta zare ƙafarta a hankali. "Tashi ki wanke fuska, baƙi suna jira. Kuma abin da muka yi a nan ya tsaya a nan."

Ni dai har ga Allah na rasa wadda zan ba gaskiya a cikinsu. Kowacce son shi take, kuma son nan ne zai raba shi biyu.

*

An jera tebura a ƙarƙashin rumfa tun daga bakin gareji har jikin katanga. Aladu sun yi jawur a kan ganyen ayaba, ga doya, ga rogo, ga ɗanyen kifi a madarar kwakwa, ga kankana an yanka. Fasto ya yi addu'a mai tsawo har yara suka fara mutsu-mutsu. Latai tana can mazaunin girma, Lisiate yana nesa da ita a ɓangaren maza, kamar yadda ya kamata.

Kalo tana tsaye a baya da tulun lemo, wajen matan da ke hidima.

Aka fara jawabai. Wani kawu ya miƙe ya ce ciwo ya ga Firiji ya tsorata ya gudu. Aka yi shewa. Wata inna ta ce ita dama ta yi mafarki. Kowa ya faɗi tasa, ana tafi, ana share hawayen daɗi. Kalo tana kallon Fasto, shi kuma ya ƙi yarda su haɗa ido.

Can aka miƙa wa Lisiate makirufo.

Ya tashi da ƙyar, ya dafa tebur. Ya gode wa Allah, ya gode wa Fasto, ya bi dangi gida-gida. Sannan ya juya wajen da yayarsa take, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, kin yi mini abin da uwa take yi. Saura magana ɗaya, a kan tafiyar nan tamu ta ran Laraba..."

Kalo ta daina zuba lemo. Shi ke nan, sallama zai yi. Yana faɗa a gaban jama'a an gama, babu mai janye shi.

Ba ta san lokacin da ta saki tulun ba. Ta ratsa tsakanin tebura, ta fizge makirufon daga hannunsa.

"Kalo, tsaya..."

"Ba zan tsaya ba! Jama'a ku daina tafi, bai warke ba!"

Wuri ya yi tsit, sai ƙarar man alade da ke ɗiga a garwashi.

"Ba ciwon ciki ba ne, dajin hanji ne! Shekara guda mutumin nan yana bayan gida da jini yana ɓoyewa don kunya, ni nake wanke wandunansa! An yanke hanjin, amma ciwon yana cikin jininsa, zai dawo! Akwai magani a asibiti yana jiransa, za a ɗauke shi a kai shi inda babu, ya je ya mutu! Ku ci aladenku, amma ku san abin da kuke ci a kai!"

Lasifika ta kai maganar har titi.

Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo Allah," ta toshe kunnuwa.

Rumfar nan cike take da 'yan'uwa maza da mata, waɗanda a al'adarsu ba a irin wannan zance a gabansu tare. Samari suka sunkuyar da kai kamar an zuba musu ruwan zafi. 'Yan mata suka rufe fuska. Latai ta miƙe tsaye, ba ta dubi kowa ba, ta ja mayafi ta rufe idonta ta nufi ƙofar gida. Duk matan dangin suka tashi suka bi ta. Mazan suka zame ta ɗaya gefen, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon takalminsa.

Kafin ka ce me, kujeru sun zama wayam. Ko cinya ɗaya ba a ɓalla ba.

Kalo ta tsaya tana haki, makirufon a hannunta. Ta faɗa. To sai me? Babu wanda ya ce a kai shi asibiti.

Lisiate yana nan inda yake, ya dafa tebur da hannu biyu.

"Kin gama?"

"Siate, dole ce ta sa..."

"Kin san abin da na tashi faɗa?"

Ta girgiza kai.

"Tun da kika fita daga gareji nake juya shi. Roƙonta zan yi. In ce likitoci suna so su ƙara ƙarfafa mini jiki, ta ara mini wata shida. A gaban Fasto, a gaban jama'a, ranar farin cikinta, ba za ta iya hana ni ba. Na samo yadda zan faɗa ba tare da na ambaci komai ba."

Makirufon ya suɓuce ya faɗi, lasifika ta yi wata ƙara.

"Ban sani ba... wallahi ban sani ba. Ka je ka same ta yanzu, ka gaya mata..."

"In je? Kin tuɓe ni tsirara a gabanta. Kin sa ta tashi daga teburinta ta bar abinci. Yanzu ni ne mai roƙo? Yanzu abin da ya rage mini shi ne in bi ta in wanke mata wannan kunyar."

"Zan je in durƙusa, zan kai tabarmin ban-haƙuri, zan yi duk abin da ake yi!"

"Za ki yi. Za ta yafe miki ma, nan da wata nawa. Jinina zai jira?"

Matar Fasto ce ta leƙo daga bakin ƙofa, ta tsaya nesa, ta ƙi kallon Kalo.

"Lisiate, Yaya ta ce a gaya maka tana mota. A gidanmu za ka zauna har ranar tafiya."

"Siate, kar ka je." Ta riƙe hannunsa da hannu biyu. "Ka zauna don ni. Sau ɗaya a rayuwarka ka ce mata a'a. Don ni, don Sela."

Ya daɗe yana kallonta. Babu fushi a idonsa, da ma fushin ne da ta fi jin sauƙi. Ya sa yatsa ya share mata hawaye, sannan ya zare hannunsa.

"Ki haɗa mini kayana, Kalo," ya ce. "Kar ki sa da yawa."